Yadda ake gano sinadarin da zai fara ƙarewa a riyakshan, da yadda ake lissafi da shi

Akwai wata tambaya a kemistiri da take yawan kayar da ɗalibai, kuma ba wai wahala gareta ba, garaje ne kawai ake yi mata. Za a baka sinadarai biyu a ce ga giram kaza na wannan ga giram kaza na wancan an haɗa su, toh nawa za a samu na abin da ake nema? Da yawa sai su kalli lambobin su ga wanda giram ɗinsa ya fi ƙanƙanta su ce ai shi ne zai fara ƙarewa, su ɗora lissafi a kansa, daga nan kuwa komai ya karkace, ko da sauran lissafin ya tafi daidai amsar ƙarshe ba za ta fito ba saboda tun daga tushe aka kuskure. Abin yana damuna sosai, don maki ne na banza ake zubarwa a kan abin da mutum zai iya riƙewa a zama ɗaya.

Ka ɗauka kana harhaɗa kekuna, kowane keke yana cin firam ɗaya da taya biyu. An kawo maka firam 10 da taya 14. Tayoyin sun fi yawa a ƙirge, amma keke 7 kawai za ka haɗa tayoyin su ƙare tas, ka zauna da firam 3 ba abin da za ka yi da su. Kaga tayar ce ta yanke yawan keken da za ka samu duk da cewa ta fi yawa. Haka sinadarai suke, basa haɗuwa yadda suka ga dama, kowane riyakshan, wato haɗuwar sinadarai su koma wani sabon abu, yana da adadin da yake ci daga kowane ɓangare, wanda ya fara ƙarewa shi ne yake tsayar da aikin kuma shi ne yake yanke yawan abin da za a samu, ɗayan kuma ya zama rara, ya zauna a cikin kwalba ba abokin haɗi.

Zan yi aikin da misali guda daga farko har ƙarshe, ka ɗauko takarda da kalkuleta ka biyo ni, kar ka tsaya karantawa da ido kawai. Misalin shi ne haɗa amoniya daga naitirojin da haidurojin. A ce an bamu naitirojin giram 56 da haidurojin giram 15.

Mataki na farko, ka rubuta ikweshan ɗin ka daidaita shi

Wannan ba a tsallake shi, ko da an baka ikweshan a cikin tambaya ka duba da kanka ko daidaitacce ne, don sau da yawa da gangan ake bayar da shi ba a daidaita ba. Namu kafin a daidaita haka yake:

N₂ + H₂ → NH₃

Ƙirga atam na kowane ɓangare. Naitirojin biyu ne a hagu ɗaya a dama, sai ka sa 2 a gaban NH₃. Yanzu haidurojin na dama ya zama shida, na hagu biyu, sai ka sa 3 a gaban H₂.

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Waɗannan manyan lambobin na gaba, wato 1 da 3 da 2, su ne duk sirrin. In ba a rubuta komai a gaban sinadari ba toh 1 ne. Kuma dan Allah kar ka taɓa ƙananan lambobin ƙasa wajen daidaitawa, in ka mayar da NH₃ ya koma NH₂ ko wani abu ai ka canja sinadarin ne gaba ɗaya. Dalilin daidaitawar kuwa shi ne dokar da aka fi jingina wa Lavoisier, masanin nan ɗan Faransa wanda ya fayyace ta a 1789, cewa a riyakshan nauyi baya ɓacewa baya ƙaruwa, atam ɗin da suka shiga su ne dai suke fitowa, jerinsu ne kawai yake canjawa.

Mataki na biyu, ka mayar da kowane giram zuwa mol

Nan ne zan ɗan daɗe don nan ake faɗuwa. Ikweshan ɗin da ka daidaita ba maganar giram yake ba sam. Bai ce giram ɗaya na naitirojin yana cin giram uku na haidurojin ba. Abin da ya ce shi ne molikul ɗaya na naitirojin yana cin molikul uku na haidurojin, ƙirge ne ba awo ba. Tunda kuma ba wanda zai iya zama ya ƙirga molikul ɗaya bayan ɗaya sai ake ƙirga su a dunƙule, dunƙulen shi ne mol, kowane mol ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, lambar da ake kira da sunan Avogadro. Mol ɗaya na haidurojin da mol ɗaya na naitirojin yawan molikul ɗinsu ɗaya ne cif, amma a kan sikeli na naitirojin ya ninka na haidurojin sau 14. Shi ya sa kwatanta giram da giram yaudara ce.

Yadda ake yi, ka nemo nauyin mol ɗaya na kowane sinadari daga teburin sinadarai, sannan ka raba giram ɗin da aka baka da wannan nauyin. Atam na naitirojin 14 ne, amma a iska bibbiyu yake zama, N₂, don haka mol ɗinsa giram 28 ne. Haidurojin 1 ne, H₂ ya zama giram 2. Ka kula da wannan bibbiyun sosai, haidurojin da oksijin da naitirojin da kulorin duk haka suke, wanda ya yi amfani da 14 maimakon 28 ya ninka mol ɗinsa ba tare da ya sani ba.

Naitirojin: 56 ÷ 28 = mol 2
Haidurojin: 15 ÷ 2 = mol 7.5

Kaga abin mamaki ko? Wanda yake ɗan giram 15 kacal shi ne ya fi yawan molikul nesa ba kusa ba.

Mataki na uku, ka raba kowane mol da lambar da ke gabansa a ikweshan

Har yanzu kar ka yanke hukunci. Wasu da sun zo nan sai su ce toh mai ƙaramin mol shi ne zai ƙare, wani lokacin su dace wani lokacin su faɗa rami. Dole sai ka tambayi kowane sinadari, kai da abin da kake da shi, zagaye nawa na wannan ikweshan za ka iya ɗauka? Amsar tana fitowa ne in ka raba mol ɗinsa da lambar gabansa.

Naitirojin: 2 ÷ 1 = 2
Haidurojin: 7.5 ÷ 3 = 2.5

Wanda ya bada ƙaramar lamba shi ne mai fara ƙarewa. A nan naitirojin ne, mai giram 56 ɗin nan da ya fi nauyi. Haidurojin ne rara.

Bari in juya lambobin kaɗan ka ga ɗaya tarkon. A ce naitirojin giram 70 ne haidurojin giram 12. Naitirojin ya zama mol 2.5, haidurojin mol 6. In ka bi ƙaramin mol za ka ce naitirojin ne, amma raba mana, 2.5 ÷ 1 = 2.5, shi kuma 6 ÷ 3 = 2. Yanzu haidurojin ne zai fara ƙarewa duk da mol ɗinsa ya ninka na ɗayan fiye da sau biyu, saboda uku-uku ake cinsa. Don haka giram baya faɗa maka, mol shi kaɗai ma baya faɗa maka, sai mol da aka raba da lambar gaba.

Akwai wata hanyar da wasu malamai suka fi so, ita ce ka ɗauki kowane sinadari daban ka lissafa yawan amoniyar da zai iya bayarwa in da ɗayan a wadace yake, wanda ya bada kaɗan shi ne. Amsa ɗaya suke bayarwa, ni dai na fi son ta rabawa don ta fi sauri kuma ko sinadarai uku ko huɗu aka haɗa maka layi ɗaya ne ga kowanne. Sai dai ka riƙe wannan, lambar da ta fito daga rabawar nan ta kwatantawa ce, ba ita ce mol ɗin sinadarin ba, kar ka ɗauki 2.5 ɗin nan ka ce shi ne mol na haidurojin.

Mataki na huɗu, ka lissafa abin da za a samu daga mai ƙarewar kawai

Mu koma misalinmu na farko, giram 56 da giram 15. Daga yanzu ka manta da mol 7.5 na haidurojin, ba shi da ta cewa a yawan amoniya. Ikweshan ya ce mol 1 na naitirojin yana bada mol 2 na amoniya, muna da mol 2, kenan amoniya mol 4. Nauyin mol ɗin amoniya shi ne 14 a haɗa da 3, giram 17. Toh 4 × 17 = giram 68. Wannan shi ne iyakar abin da za a iya samu a lissafin takarda, ko ka ƙara haidurojin tanki guda ba za a wuce giram 68 ba sai in ka ƙara naitirojin.

Mataki na biyar, rarar da ta saura

Ana yawan tambayar wannan a matsayin ɓangare na biyu na tambaya. Ka fara gano nawa aka ci daga mai rarar. Mol 2 na naitirojin sau 3 ya bada mol 6 na haidurojin, wato giram 12. An bamu 15 an ci 12, saura giram 3.

Sai ka yi wani ɗan bincike da bai cin minti ɗaya amma yana kama kuskure da yawa. Haɗa abin da ya shiga, 56 + 15 = 71. Haɗa abin da ke nan bayan an gama, amoniya 68 da rarar haidurojin 3, 71 ne. Sun yi daidai, lissafinka lafiya lau. In suka saɓa toh akwai inda ka zame, yawanci a nauyin mol ne ko a daidaita ikweshan. Haka kuma in rararka ta fito da alamar ragi, wato an ci fiye da abin da aka baka, ka san ka zaɓi mai ƙarewa ba daidai ba, koma mataki na uku.

In ba giram aka baka ba fa

Matakan basa canjawa, mataki na biyu ne kawai yake sauya salo, don hanyar zuwa mol ta danganta da irin abin da aka baka. In ruwan sinadari ne za a baka ƙarfinsa, wato mol nawa ne a cikin kowace lita, da yawansa, sai ka ninka ƙarfin da yawan, amma yawan dole ya kasance a dm³, wato lita, in a cm³ aka baka ka raba da 1000 tukunna. In gas ne a ma'aunin STP, wato zafin digiri 0 na Salsiyas da matsin iska na atm 1, mol ɗaya yana cin dm³ 22.4, in kuma a zafin ɗaki aka ce toh wajen dm³ 24 ake amfani da shi, ka duba wanda tambayar ta ce.

Ga wanda ake yi a lab kuma ana ganinsa da ido. A ɗauki zaren magniziyam giram 1.2 a jefa shi cikin cm³ 50 na asid ɗin HCl mai ƙarfin mol 1.0 a kowace dm³.

Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂

Magniziyam, nauyin mol ɗinsa giram 24 ne, 1.2 ÷ 24 = mol 0.05. Asid, 1.0 × 0.050 = mol 0.05. Mol ɗinsu ɗaya, sai mutum ya ce shikenan za su ƙare tare. A'a. Raba da lambar gaba, magniziyam 0.05 ÷ 1 = 0.05, asid 0.05 ÷ 2 = 0.025. Asid ne zai ƙare. Abin da za ka gani a kwalbar kuwa, da zaren ya shiga sai ya hau tsiri-tsiri, kumfa na tashi daga jikinsa yana yawo a saman ruwan, in ka dafa gefen kwalbar za ka ji ta ɗau zafi, a hankali kumfar tana raguwa tana raguwa har ta tsaya cak, amma ga guntun zaren nan a ciki ya sirance bai narke ba. Wannan guntun shi ne rarar, a lissafi giram 0.6 ne, rabin abin da aka saka. Da ka ɗiga sabon asid zai sake tashi nan take, in kuma magniziyam ka ƙara ba abin da zai motsa, wannan gwajin kansa hanya ce ta gane wanda ya ƙare ba tare da biro ba. Gas ɗin da ya fita kuma mol 0.025 ne tunda mol 2 na asid ke bada mol 1 na haidurojin, a STP ya kama 0.025 × 22.4 = dm³ 0.56. Mai yin wannan gwaji ya sa gilashin kare ido kuma ya nisanta da wuta, haidurojin yana kamawa da sauri ba wasa.

A aikace da wuya ka tara duk 0.56 ɗin nan, wani ya tsere kafin ka toshe bakin kwalba, wani ya zurare ta bututu. A ce bayan an daidaita awon zuwa STP abin da ka tara dm³ 0.49 ne. Don sanin kashi nawa ka samu sai ka raba na zahiri da na lissafi ka ninka da 100, 0.49 ÷ 0.56 × 100 = kashi 87.5 cikin 100. Kaga na lissafin nan daga mai ƙarewa ya fito, da ka yi kuskure ka ɗora a kan magniziyam da ka samu 1.12, sai ka zaci rabin gas ɗinka ma baka tara ba alhali aikinka ya yi kyau. In kuma kason ya haura 100 kar ka yi murna, ko dai abin da ka auna da danshi ko datti a ciki ko lissafi ya kuskure.

Wani abu kuma, in aka ce sinadarin ba tsantsa bane, misali dutsen laimston giram 10 da kashi 80 ne kawai CaCO₃, ka fara cire dattin, giram 8 za ka mayar zuwa mol ba 10 ba.

Gas da gas ya fi kowanne sauƙi, in zafinsu da matsinsu ɗaya ne ba sai ka bi ta mol ba ma, ka raba yawansu kai tsaye da lambar gaba. Ɗauki ƙonewar gas ɗin mitan, CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O. Lita 10 na mitan da lita 15 na oksijin, 10 ÷ 1 = 10, 15 ÷ 2 = 7.5, oksijin ne bai isa ba. Kuma tunda oksijin wajen kashi 21 ne kawai na iskar da muke shaƙa, lita ɗaya ta mitan tana buƙatar iska wajen lita 9.5 kafin ta ƙone sarai.

Nan akwai abin da ya wuce maganar jarrabawa. A takarda muna cewa in oksijin ya ƙare sai ragowar mitan ya zauna, amma a zahiri in iska ta yi ƙaranci wutar canja hanya take yi, ta fara fitar da baƙin hayaƙi da kabon monoksaid, gas ɗin nan marar launi marar wari da yake kashe mutum a ɗakin da ba iska. Duk wanda ya taɓa wasa da ramin iskar Bunsen, ɗan murhun gas ɗin nan na lab, ya ga wannan, ka buɗe ramin harshen wutar ya zama shuɗi mai zafi, ka rufe ya koma rawaya yana lilo, ka ɗora kwalba a kai gindinta ya yi baƙi ƙirin. Gas ɗin bai canja ba, oksijin ne ya zama mai ƙarewa. Shi ya sa ba a kunna injin mai ko wuta a rufaffen wuri, kuma shi ya sa injin fetur ake saita shi ya ja iska wajen giram 14.7 ga kowane giram ɗaya na mai.

A masana'antu kuwa da gangan ake zaɓar wanda zai ƙare. Sinadarin da ya fi tsada ko ya fi wuyar samu shi ake bari ya zama mai ƙarewa, a zuba mai arha da rara don a tabbata an cinye mai tsadar tas, musamman in rarar mai saukin cirewa ce daga baya.

Sai dai ka san iyakar wannan lissafin, yana ɗauka ne cewa riyakshan ɗin zai tafi har sai ɗaya ya ƙare, kuma ba kowanne ke yin haka ba. Amoniyar da muka yi misali da ita ma tana cikin masu tafiya gaba su dawo baya. Hanyar haɗa ta da masanin kemistiri ɗan Jamus Fritz Haber ya nuna a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita ta masana'anta a Jamus a 1913, ana yinta ne a zafi wajen digiri 450 na Salsiyas da matsi mai yawan gaske tare da ƙarfe mai hanzarta aikin, duk da haka a shiga ɗaya wajen kashi 15 ne kawai yake zama amoniya, sai a sanyaya a kwashe ta a sake mayar da ragowar gas ɗin ciki. Don haka giram 68 ɗinmu rufi ne da ba za a haura ba, ba alkawari bane cewa za a kai shi. A jarrabawa dai in ba a ambaci wannan ba ka ɗauka ya tafi har ƙarshe.

Ga ɗaya ka gwada da kanka, ka rufe sakin layi na ƙasa da hannu sai ka gama. An haɗa alminiyam giram 5.4 da kulorin giram 14.2 aka samu AlCl₃. Alminiyam 27 ne, atam na kulorin 35.5. Wanne zai fara ƙarewa, giram nawa na AlCl₃ za a samu, me ya saura kuma nawa?

Ikweshan ɗin shi ne 2Al + 3Cl₂ → 2AlCl₃. Alminiyam 5.4 ÷ 27 = mol 0.2, kulorin 14.2 ÷ 71 = mol 0.2, in ka raba da 35.5 maimakon 71 toh bibbiyun nan ne ya kama ka. Raba da lambar gaba, 0.2 ÷ 2 = 0.1, sai 0.2 ÷ 3 = 0.067, kulorin ne mai ƙarewa. Mol 3 na kulorin yana bada mol 2 na AlCl₃, kenan 0.2 × 2 ÷ 3 = mol 0.1333, kar ka datse wannan lambar zuwa 0.13 tun yanzu, barta a kalkuleta har ƙarshe in ba haka ba amsarka za ta kauce. Nauyin mol na AlCl₃ 133.5 ne, ya bada giram 17.8. Alminiyam da aka ci shi ma mol 0.1333 ne wato giram 3.6, saura giram 1.8. Abin da ya shiga 5.4 + 14.2 = 19.6, abin da ke nan 17.8 + 1.8 = 19.6.